Fom mai hawa uku: yadda gyaran tambayoyin jarrabawa ya riƙa lalata amsoshin ɗalibai

## Asalin lamarin

Wata cibiyar koyarwa ce da ke yi wa ɗalibanta jarrabawa a kwamfuta. Injiniya ɗaya ne ke kula da manhajar. Ya gina ta a kan Django 4.2, kayan aikin gina manhajojin intanet, wadda ta fito a watan Afrilun 2023, bayanan kuma suna zaune a rumbun bayanai mai suna PostgreSQL. Malamai ne ke rubuta tambayoyinsu da hannunsu, ba wanda ke shigar musu.

Tebur huɗu ne suka shafi wannan lamari. Na farko shi ne jarrabawa, mai ɗauke da suna da ranar yi da mintunan da aka ware. Na biyu tambaya: rubutunta, makinta, matsayinta a jeri, da lambar jarrabawar da take ƙarƙashinta. Na uku zaɓi: rubutu, matsayi, alamar ko shi ne daidai, da lambar tambayarsa. Na huɗu malamai ba sa ganinsa a fom kwata-kwata, shi ne teburin amsa. Kowane layi a cikinsa cewa yake ɗalibi wane ya ɗauki zaɓi mai lamba kaza. Ba ya ajiye rubutun zaɓin, lambar kawai yake riƙewa, kuma duk lokacin da aka buɗe sakamako daga nan ake lissafa maki sabo. Wannan shi ne tsarin da aka saba da shi tun bayan takardar masanin kwamfuta Edgar Codd ta 1970: a rubuta kowane bayani wuri ɗaya, sauran teburori su nuna shi da lamba.

Yawancin jarrabawowin tambaya 20 zuwa 30 ne, na ƙarshen zango kuma sukan kai 60, kowace tambaya da zaɓi huɗu. Abin da malamai suka nema bai da yawa a faɗe. Suna son su buɗe jarrabawa su ga tambayoyinta duka da zaɓuɓɓukansu, su ƙara, su cire, su sauya jeri, su gyara rubutu, sannan su adana. Wato fom mai hawa uku: jarrabawa a sama, tambayoyi a ƙarƙashinta, zaɓuɓɓuka a ƙarƙashin kowace tambaya.

## Mako na 1 da na 2: shafin gudanarwa na Django

Injiniyan ya fara da abin da ke hannu. Shafin gudanarwa da Django ke zuwa da shi yana iya nuna 'ya'yan wani layi a shafin uwarsu, amma hawa ɗaya kacal. Shafin jarrabawa zai nuna tambayoyi, ba zai nuna zaɓuɓɓukan kowace tambaya ba. Sai malami ya adana jarrabawar, ya buɗe tambaya ta farko a nata shafin, ya cika zaɓi huɗu, ya adana, ya koma, ya buɗe ta biyu. Jarrabawa mai tambaya 60 tana nufin buɗe shafi 60 bayan na farkon.

Ba a rasa bayani ko ɗaya a wannan mataki ba. Malamai ne suka ƙi tsarin. Da yawansu suka koma rubuta tambayoyin a Word suna turo wa injiniyan ya shigar musu, abin da aka gina manhajar don a kauce masa ke nan. Akwai ƙarin manhaja irin django-nested-admin da ke cike wannan giɓi, amma cibiyar ba ta son malamai su riƙa shiga shafin gudanarwa, don haka aka yanke a gina fom na musamman.

## Mako na 3 zuwa na 9: a goge duka, a sake rubutawa

Fom na biyu shafi ɗaya ne dogo. JavaScript, kod ɗin da ke aiki a cikin burauzar malami, ke ƙara tambaya ko zaɓi idan an danna maɓalli, idan aka danna "Adana" kuma ya tattara komai ya aika wa sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta. Abin da sabar ke yi gajere ne: ta goge tambayoyin jarrabawar duka tare da zaɓuɓɓukansu, ta ƙirƙiri sababbi daga abin da aka aiko. Babu buƙatar gano wanne ne sabo, wanne aka gyara, wanne aka cire. Malamai sun karɓe shi hannu bibbiyu, kuma mako shida ana aiki da shi ba ƙorafi, domin a lokacin babu jarrabawar da ɗalibai suka riga suka zauna.

A mako na 9 aka yi jarrabawar farko. Washegari wata malama ta ga harafi ɗaya da ya kuskure a tambaya ta 7, ta gyara, ta adana. Da ta buɗe shafin sakamako sai ta tarar kowane ɗalibi yana da sifili.

Dalilin yana cikin layi ɗaya na kod. Tun Django 2.0, a Disambar 2017, dole ne duk wanda ya ɗaura tebur da tebur ya faɗi abin da za a yi wa 'ya'ya idan an goge uwa. Injiniyan ya sa CASCADE a kan alaƙar amsa da zaɓi, wato a bi su a goge. Da sabar ta goge zaɓuɓɓukan, Django ta bi duk amsoshin da ke nuna su ta share. Sababbin zaɓuɓɓukan rubutunsu iri ɗaya ne da na da, amma lambobinsu sababbi ne, babu amsar da ta san su.

An dawo da amsoshin daga kwafin ajiya na daren jiya, wanda aka ɗauka bayan an gama jarrabawar. A ranar injiniyan ya sauya CASCADE zuwa PROTECT, wanda ke hana goge duk zaɓin da wata amsa ke nuna shi. Asarar ta tsaya, fom ɗin ma ya tsaya: duk jarrabawar da aka riga aka zauna ba ta adanuwa, domin matakin farko na adanawar shi ne gogewa.

## Mako na 10 zuwa na 12: bin jeri

Gyaran da ya biyo baya shi ne a daina gogewa, a riƙa rubutawa a kan layukan da suke nan. Sabar ta ɗauko tambayoyin jarrabawar a jere, ta ɗauki abin da fom ya aiko a jere, ta haɗa na farko da na farko, na biyu da na biyu. Idan fom ya kawo fiye da abin da ke rumbu, a ƙirƙiri ragowar. Idan ya kawo ƙasa da haka, a goge na ƙarshe. Haka ma zaɓuɓɓuka a cikin kowace tambaya. Gyaran harafi ya yi aiki lafiya, an gwada an gani.

Ga abin da ya faru da tambaya ɗaya a mako na 11. Tambayar ita ce a digiri nawa ruwa ke tafasa a ma'aunin Celsius a daidai matakin teku. Zaɓuɓɓukanta suna layi 901 zuwa 904: 100, 90, 80, 120, alamar daidai tana kan 901. Malamin yana son ya sake ba wani aji wannan jarrabawa, sai ya ja 100 ya mayar da shi na uku don kada amsar ta zauna a wuri ɗaya. Fom ya aika 90, 80, 100, 120. Sabar ta rubuta 90 a kan 901, 80 a kan 902, 100 da alamar daidai a kan 903. Teburin amsa ba a taɓa shi ba. Ɗalibin da ya ɗauki 901 saboda ya san ruwa na tafasa a 100, yanzu manhaja tana cewa 90 ya zaɓa. Wanda ya ɗauki 903 yana nufin 80 ya samu maki. Babu saƙon kuskure, babu komai a kundin sabar, jimillar amsoshi ma ba ta ragu da ko ɗaya ba.

Kwanaki suka wuce kafin a gano. Wata ɗaliba ce ta zo da takardar sakamakon da aka buga mata tun farko, makin da ke kanta ya saɓa da na allo. Malamin ya kira injiniyan ya ce masa, "Injiniya, ni fa ban taɓa makin kowa ba, wurin amsa kawai na sauya." Gaskiya ya faɗa.

Ana cikin binciken wannan sai matsala ta biyu ta fito. Wani malami ya cire tambaya ta 3 daga jarrabawar da aka riga aka zauna. Sabar ta rubuta ta 4 a kan layin ta 3, ta 5 a kan ta 4, har ƙasa, sannan ta zo goge layin ƙarshe PROTECT ya hana. Shafi ya nuna kuskure, malamin ya ɗauka ba abin da ya adanu. Ashe duk rubuce-rubucen da suka gabaci kuskuren sun riga sun shiga, domin Django tana tabbatar da kowane umarni nan take sai dai in an ce mata ta dunƙule su. Tambayar ƙarshe ta bayyana sau biyu, amsoshin sauran duka suka goce da mataki ɗaya.

An rufe gyara na kwana uku. An kwatanta rumbun da kwafin ajiya layi-layi, aka mayar da rubutun jarrabawowi biyun yadda yake.

## Mako na 13 zuwa na 18: jerin fom a cikin jerin fom

Daga nan injiniyan ya ajiye kod ɗin da ya rubuta da hannu ya koma ga abin da Django ta tanada tun fitowarta ta 1.0 a 2008, wanda take kira formset: jerin fom iri ɗaya a shafi guda. Kowane fom a jerin yana ɗauke da ɓoyayyen gurbi mai lambar layinsa, don haka sabar ta san 901 shi ne 901 ko a ina ya tsaya a allo. Jeri ya koma gurbi mai zaman kansa. Cirewa ta koma akwatin alama. Adanawar duka aka sa ta cikin transaction.atomic, ko komai ya shiga ko komai ya koma yadda yake.

Sai dai abin da Django ta tanada hawa ɗaya ne. Hawa na biyu shi ya haɗa da kansa: kowane fom na tambaya ya rataya masa nasa jerin fom na zaɓuɓɓuka. Sunayen gurabe suka zama kamar tambaya-4-zabi-2-rubutu. Kowane jeri kuma yana tafiya da ɓoyayyun gurabe huɗu da ke gaya wa sabar lissafinsa, mafi muhimmanci TOTAL_FORMS, adadin fom duka, da INITIAL_FORMS, adadin waɗanda suka fito daga rumbu. Wannan mataki ne ya fi cin lokaci, kuma kurakuransa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fitowa.

Na farko wajen ƙara tambaya ne. Django tana ba da samfurin fom marar komai, inda ta sa kalmar __prefix__ a madadin lambar jeri, JavaScript ya musanya ta da lamba. A fom mai hawa biyu kalmar tana fitowa sau biyu a suna ɗaya, ta tambaya da ta zaɓi. Kod ɗin ya musanya duka biyun da lambar tambaya, sai samfurin zaɓi na tambaya ta 5 ya zama zaɓi na 5 har abada, duk zaɓin da aka ƙara sunansa ɗaya, na ƙarshe kawai sabar ke karantawa. An warware ta da sa wa hawan ciki wata kalmar daban.

Na biyu wajen cire sabon layin da ba a adana ba tukuna. Malami ya ƙara zaɓi huɗu, 0 zuwa 3, ya fasa na 2. JavaScript ya cire shi daga shafi ya rage TOTAL_FORMS zuwa 3. Sabar ta karanta 0 da 1 da 2. Na 2 ta same shi fayau, ta ɗauka fom ne da ba a cika ba ta wuce shi, na 3 kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Malami ya rubuta zaɓi uku, biyu suka adanu, shiru. Dokar da aka kafa daga nan: ba a cire layi daga shafi, ba a rage adadi. A ɓoye shi kawai a sa masa alamar cirewa.

Na uku ya fi su wuyar ganowa. Django ba ta adana sabon fom ɗin da ba a taɓa komai a cikinsa ba. Idan malami ya ƙara tambaya ya cika zaɓuɓɓukanta amma ya manta rubutun tambayar, fom ɗin uwar bai sauya ba a idon Django, ba za a adana shi ba, ba za a ce rubutu ya rage ba, 'ya'yan kuma ba su da inda za su rataya. Sai da aka koya wa fom ɗin tambaya cewa sauyin 'ya'yanta sauyinta ne. Jerin adanawa ma sai da aka tsayar da shi: jarrabawa, sannan tambaya ta samu lamba, sannan zaɓuɓɓukanta.

Na huɗu daga rumbun bayanan ya fito. Akwai ƙa'idar da ta hana tambaya biyu su riƙe matsayi ɗaya a jarrabawa ɗaya. Musanya ta 2 da ta 3 yana nufin a rubuta wa ɗaya 3 alhali ɗayar ba ta saki 3 ba tukuna, sai PostgreSQL ta ƙi. Maganin yana cikin PostgreSQL ɗin kanta: ana iya jinkirta duba irin wannan ƙa'ida zuwa ƙarshen dunƙulallen aikin, Django kuma ta buɗe hanyar faɗin haka tun 3.1 a 2020.

Zuwa ƙarshen mako na 18 fom ɗin yana aiki. An maimaita gwajin tambayar tafasar ruwa: aka ja 100 zuwa na uku, layi 901 ya riƙe rubutunsa da alamarsa, matsayinsa kawai ya sauya, makin kowa bai motsa ba.

## Mako na 19 da na 20: tambaya ta 39, da malamai biyu

Lokacin jarrabawar ƙarshen zango ya zo. Wani malami ya zauna ya rubuta tambaya 60 a zama ɗaya, ya danna "Adana", sai farin shafi mai cewa Bad Request da lamba 400. Ya koma baya, layukan da JavaScript ya ƙara duk sun tafi.

Lissafin a fili yake. Kowane zaɓi yana aika gurbi 4: lambarsa, rubutu, matsayi, da lambar uwarsa. Zaɓi huɗu 16 ke nan, a ƙara alamar daidai guda ɗaya, tunda burauza ba ta aika akwatin da ba a sa wa alama ba, 17. Tambayar kanta gurbi 5, lissafin jerin zaɓuɓɓukanta 4. Jimilla 26 a kowace tambaya. Saman fom yana da 8. Tambaya 38 sun ba da 996, tambaya 39 sun ba da 1022. Django tun 1.10 tana ƙin duk buƙatar da gurabenta suka haura 1000, saitin da ake kira DATA_UPLOAD_MAX_NUMBER_FIELDS, don kare sabar daga masu turo mata gurabe bila adadin su durƙusar da ita. Babu jarrabawar gwaji da ta taɓa kai tambaya 39. PHP, wani yaren rubuta manhajojin intanet, ita ma tana da irin wannan iyaka ta 1000 tun 5.3.9 a Janairun 2012, kuma tata ta fi haɗari, domin takan yanke ragowar ta ci gaba da aiki da abin da ya samu shiga.

An ɗaga iyakar zuwa 5000 a ranar. Adanawar ta yi nauyi, domin Django tana leƙa rumbu sau ɗaya don tabbatar da kowace ɓoyayyar lamba, tambaya 60 da zaɓi 240 leƙe 300 ke nan kafin a rubuta komai. Kuskure ɗaya a tambaya ta 52 kuma yana dawo da shafin duka ba tare da an adana sauran 59 ba.

A mako na 20 malamai biyu suka raba jarrabawa ɗaya, ɗaya ya ɗauki tambaya 1 zuwa 30, ɗaya 31 zuwa 60. Suka buɗe shafin lokaci guda. Na farko ya adana da rana. Ta biyun ta adana da yamma, fom ɗinta kuwa yana ɗauke da tambaya 1 zuwa 30 yadda suke tun safe, sai ya mayar da su haka. Aikin na farko ya shafe ba tare da kowa ya yi kuskure ba. Washegari suka ci karo da ɗaya fuskar matsalar: shi ya cire wata tambaya, ita ta zo adanawa fom ya ƙi, bai kuma nuna dalili ba, domin kuskuren yana kan ɓoyayyen gurbin lambar da ta daina wanzuwa, shafin kuma ba ya buga kurakuran ɓoyayyun gurabe.

## Mako na 21 zuwa na 24: kowace tambaya da katinta

Injiniyan ya zauna da malamai uku ya kalli yadda suke aiki. Babu wanda ke gyara tambaya 60 a numfashi ɗaya. Kowa tambaya ɗaya yake gamawa da zaɓuɓɓukanta, ya wuce ta gaba. Abin da suke so su gani a tare jarrabawa ce duka, abin da suke gyarawa a tare tambaya ɗaya ce.

Aka sake gina shafin a kan haka. A ido bai sauya sosai ba, tambayoyin duka suna nan a jere. Amma kowace tambaya ta zama kati mai nasa fom da nasa maɓallin adanawa, saman jarrabawar ma fom ne daban. HTML, yaren da ake tsara shafin intanet da shi, ba ta yarda a sa fom cikin fom ba, don haka katunan maƙwabta ne, ba wanda ke cikin wani. An yi amfani da htmx, wata ƙaramar manhajar JavaScript, wadda fitowarta ta 1.0 ta zo a Nuwamban 2020, ta aika kati ɗaya ta musanya shi da abin da sabar ta dawo da shi ba tare da sake loda shafin ba. A gefen sabar jerin fom ya koma ɗaya, na zaɓuɓɓukan da ke ƙarƙashin tambaya, daidai abin da inlineformset_factory ta Django ke yi ba tare da dabara ba. Kod ɗin da ke rataya jeri cikin jeri aka goge shi duka.

An ƙara wa teburin tambaya gurbi ɗaya, lambar siga. Kati yana fita da sigar da ya tarar. Wajen adanawa, umarnin farko cewa yake a ƙara wa siga ɗaya a layi mai lamba kaza, da sharaɗin sigarsa har yanzu kaza ce. Idan rumbu ya ce babu layin da ya sauya, to wani ya riga ya taɓa tambayar. Sabar ta dawo da 409, lambar da ke nufin an samu saɓani, kati ya nuna rubutun malamin a gefe ɗaya, wanda ke rumbu a ɗaya gefen, ya zaɓa. A gwajin farko katin bai nuna komai ba, domin htmx a saitinta na asali ba ta musanya shafi da amsar da lambarta ta fara da 4 ko 5. Sai da aka ce mata ta karɓi 409 da 422, lambar fom ɗin da ya gaza ƙa'ida.

Ƙa'idojin aka raba su gida biyu. Waɗanda suka shafi tambaya ɗaya ana duba su wajen adana kati: aƙalla zaɓi biyu, kuma daidai guda ɗaya tak a cikin waɗanda ba a sa wa alamar cirewa ba. Waɗanda suka shafi jarrabawa duka, kamar jimillar maki ta cika 100, ba su da wurin zama a kati, sai aka ba jarrabawa matsayi uku: daftari, wallafaffiya, da wadda aka zauna. Daftari yana iya zama rabi da rabi. Maɓallin "Wallafa" ne ke duba komai, ya lissafo tambayoyin da suka gaza. Da zarar amsa ɗaya ta shiga, gyaran rubutu da sauya jeri kawai suka rage. Cire tambaya ya koma janyewa, layin yana nan amma ba a lissafa makinta. Sauya amsar daidai kuma sai ta wani shafi daban, wanda ke faɗin ɗalibai nawa makinsu zai motsa kafin a tabbatar.

Abu biyu aka ƙara don tsaro, tunda yanzu kowane kati yana da adireshinsa. Sabar ba ta ɗauko tambaya da lambarta kawai, sai ta cikin jarrabawowin da wannan malami ke da izinin gyarawa. Kowane fom kuma an lissafa masa gurabensa da suna. Abin da ya faru da GitHub, shafin ajiye kod, a Maris ɗin 2012, inda aka nuna cewa fom mai karɓar duk gurbin da aka aiko masa yana ba bare damar rubuta abin da ba nasa ba, shi ya sa Rails 4, wata takwarar Django, ta tsaurara wannan a 2013.

## Sakamako

An mayar da iyakar gurabe 1000. Adana kati mai zaɓi huɗu bai kai gurbi 30 ba, ko jarrabawar tambaya nawa ce. A zangon da ya biyo baya ba a dawo da komai daga kwafin ajiya ba, ba kuma sakamakon da ya sauya ba tare da an bi ta shafin sauya amsa ba. Malamai biyu suna aiki a jarrabawa ɗaya, allon saɓani ba ya fitowa sai sun taɓa tambaya guda.

Ƙorafi biyu suka taso. Wasu sun riƙa gyara kati su manta adanawa, sai aka sa katin ya sauya launi, burauza kuma ta yi gargaɗi kafin a rufe shafin. Na biyun ba a warware shi ba: babu maɓallin da zai fasa duk gyaran da aka yi a zama ɗaya, domin kowane kati ya riga ya shiga rumbu.

## Hukunci

Ƙoƙari na biyu da na uku, wato gogewa da bin jeri, cuta ɗaya ce ta kayar da su. Malami a allo yana ganin tambaya ta uku da zaɓi na farko, rumbu kuwa bai san na uku ko na farko ba, 901 ya sani. Duk fom ɗin da ya je ya dawo bai riƙe wannan lamba ba, dole sabar ta yi hasashen wanne ne wanne, kuma hasashen yana yin daidai ne kawai muddin babu wani tebur da ke nuna layukan. A ganina bin jeri ya fi gogewa muni nesa ba kusa ba, duk da ya fi ta kama da aikin hankali. Gogewa ta ba kowa sifili, aka gani a awa ɗaya. Bin jeri ya ba ɗalibin da ya san amsa faɗuwa, ya ba wanda bai sani ba maki, kuma da ɗalibar nan ba ta adana takardarta ba, da sakamakon ya tafi a haka.

Ƙoƙari na huɗu, wato jerin fom a cikin jerin fom, daidai yake a kan wannan batu, ban kuma ga laifin wanda ya tsaya a kansa ba idan bayanansa ƙanana ne kuma mutum ɗaya ke gyara su, kamar takardar oda mai layi goma. Abin da ya karya shi a nan girma ne. Iyakar 1000, nauyin adanawa, asarar aikin malami, da shafe aikin abokin aiki duk sun fito daga ɗaukar jarrabawa duka a matsayin abu ɗaya da ake adanawa. Siffar teburori ce ta ba da shawarar fom mai hawa uku, alhali aikin malaman hawa biyu ne, tambaya da zaɓuɓɓukanta. Zaman kallon malamai uku da aka yi a mako na 21 ba abin da ya hana a yi shi a mako na 3.

PROTECT da dunƙule adanawa ya kamata su kasance tun ranar farko, haka ma gwaji da jarrabawa mai tambaya 60 wadda ke da amsoshi a ƙarƙashinta. Kusan kowace asara a wannan lamari ta faru ne a yanayin da ba a taɓa gwadawa ba: bayanai masu yawa, bayanan da wani tebur ya dogara da su, ko mutum biyu a lokaci guda.

Tsarin katin ma ba kyauta ya zo ba. An sayar da "ko duka ko babu" na jarrabawa gaba ɗaya, aka sayi matsayin daftari da matakin wallafawa, kuma inda doka ta ce uwa da 'ya'ya dole su shiga tare, kamar shigar da lissafin kuɗi da dole ɓangarorinsa biyu su daidaita, wannan ciniki ba zai yiwu ba. Ƙorafin malamai na rashin maɓallin fasawa ƙorafi ne na gaskiya. Maganinsa shi ne teburin tarihi da zai ajiye kowace sigar tambaya da zaɓuɓɓukanta kafin a rubuta a kanta, kuma lambar sigar da aka riga aka ƙara ta isa a gina shi a kanta. Cibiyar ta sa shi cikin aikin zango mai zuwa.